Allon Amadu da Kashi Na Uku

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar Birnin Konni, wajen masu facin taya, ya san rumfar Amadu ko da bai taɓa tsayawa ba. Rumfar kwano ce mai faɗin tabarma biyu, da benci ɗaya a gabanta, da wani baƙin allo irin na lakwal, wato makarantar boko, jingine da ginshiƙi. A saman allon an rubuta SUNA NAN TAFE da farin fenti wanda rana ta cinye rabinsa. Abin da ke ƙasa kuwa da alli ake rubuta shi. Kowace Laraba, ranar kasuwa, Amadu yakan jiƙa tsumma ya goge allon tas, ya sake rubutawa, ko da babu harafi ɗaya da ya canza.

Sana'arsa hayar littattafan labari ce, na Hausa, waɗanda ake bugawa a Kano su biyo ta Sakkwato su tsallako iyaka. Shekararsa talatin da wani abu a kanta. Ubansa direban babbar mota ne, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya kawo goro Konni, ya ga uwar Amadu, ya zauna. Amadu ya yi lakwal shekara shida. Faransancin bai zauna masa ba, amma haruffa sun zauna. Yana saurayi yana kamasho a tasha, wani fasinja ya mance littafi a ƙarƙashin kujera, babu bango, babu shafin farko. Labarin wani ɗan sanda ne mai neman wanda ya kashe mai gidan burodi. Amadu ya karanta shi a tsaye, tsakanin lodi da lodi, yana haɗa haruffa da leɓe. Da ya kai shafin ƙarshe, ɗan sandan ya ɗora hannu a kan wata ƙofa zai tura, sai rubutu ya ƙare, aka ce a nemi kashi na biyu.

Ya yi wata huɗu yana tare direbobin Kano yana tambaya. Bai san sunan littafin ba, bai san wanda ya rubuta shi ba, labarin kawai yake ba su. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka kawo masa littattafai daban don ya ƙyale su. Da waɗannan ya buɗe rumfa. Kashi na biyun kuwa bai taɓa samunsa ba. Har yau bai san abin da ke bayan ƙofar nan ba, kuma in ya tuna yakan ji abin kamar ƙayar kifi a maƙoshi.

Wataƙila shi ya sa ya fito da tsarinsa na zare. Littattafan nan kashi-kashi suke zuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci da watanni a tsakani. In labari ya cika, Amadu yakan haɗa su ya ɗaure da zaren buhu, ƙulli biyu, ya ajiye a kantar ƙasa. In bai cika ba, sai ya zagaya zaren ya bar bakinsa a sake, ya ɗora a kantar sama. Duk wanda ya miƙa hannu sama sai ya ja masa kunne tukuna: "Wanga bai ƙare ba. In kana da hawan jini, ɗauki na ƙasa."

Na soyayya su suka fi yawa, su ne kuma ke ciyar da shi, amma zuciyarsa ba ta wajensu. Tana wajen na bincike, inda ake tsintar gawa a shafi na uku, kowa kuma ya rantse ba ya nan. Tana wajen na almara, masu aljanu da biranen ƙarƙashin ruwa da takubban da ke magana. Akwai kuma waɗanda yake kira masu hana cin tuwo, na 'yan fashi da masu leƙen asiri, irin waɗanda mutum ke riƙe da su har abincinsa ya huce. A bangon baya na kowane littafi marubuta sukan jera sunayen waɗanda za su fitar nan gaba, su ce wannan zai fito bayan Sallah, wancan yana wajen bugu. Daga nan Amadu yake kwafo abin da yake sa wa allo. Shi a wurinsa, abin da inji ya buga a takarda alkawari ne. Mutum zai iya faɗin magana da baki ya janye, amma ba zai ɗauke ta ya kai gidan bugu ba alhali bai yi niyya ba. Haka ya ɗauka, kuma shekara da shekaru abin bai cika ba shi kunya ba.

A wancan zamanin, ran Laraba, sai mutum ya kutsa kafin ya ga allon. 'Yan koleji, teloli, direbobi, har da wani jandarma da ke zuwa da kayan aiki ya zauna a benci yana gardama a kan wanda ya yi kisa, yana cewa da shi ne da tuni ya kama shi. Matar Amadu, Saude, ba ta karatu, amma ita ke ɗinke bangon da ya yage da allura, tana mita cewa hannuwan masu karatun nan sun fi bakin akuya ɓarna. Saude ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsu guda, Badi'a, tana aure a Sakkwato. Tun daga nan Amadu yakan fito rumfa da sassafe, ba ya komawa sai an kira magariba, don gidan ya yi masa faɗi.

Masu karatu ba su tafi rana ɗaya ba. Salula ce ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Labarai suka koma cikin waya, wasu a rubuce, wasu ana karanta wa mutum a kunne yana wanki. Sai kuma shekarar da aka rufe iyaka. Wanda yake Konni a lokacin bai manta ba. Manyan motoci a jere har inda ido ya tsaya, albasa tana ruɓewa a buhu, wuta ta ɗauke, tasha ta yi tsit da rana tsaka kamar gidan makoki. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa, kowa yana jiran abin da bai san ko mene ne ba. Har yanzu akwai waɗanda in taya ta fashe a titi sai gabansu ya faɗi, su daɗe kafin su dawo daidai. Masu bin hanyar daji sun ci gaba da shigo da fetur da taliya, amma babu wanda zai sa ransa a kasada saboda littafin labari. Kantar sama ta tsaya yadda take. Benci ya zama wurin hutun masu kabu-kabu, su zauna su ba allon baya suna danna waya.

Mai karatu ɗaya ce ta rage masa, ita ma ba a Konni take ba.

Sunanta Saratu, 'yar Tajaye. Sau ɗaya Amadu ya taɓa ganinta. Ta kawo surukarta likita, suna jiran motar komawa, ta zauna a bencinsa, ta ɗaga kai ta karanta allon daga sama har ƙasa da murya. Siririyar mace ce, ba ta kai talatin ba, ta yi aji uku a koleji kafin ta bari. Mijinta Iliyasu yana can arewa, bayan Agadas, wajen haƙar zinari, yakan shekara bai zo ba. Ta ce a garinsu in an kai gero rumbu, maza suka watse cin rani, yini yakan yi tsawon da mutum zai ji kamar ya yi hira da bango. Ta ɗauki littattafai uku. Daga ranar, kowace Laraba, Kamalu, direban motar da ke bin hanyar Illela ta arewa, ba ta bakin iyaka ba, yakan kawo ƙunshin littattafai a cikin koren ɗankwali, Amadu ya kwance ya zuba wasu, a mayar.

A cikin kowane ƙunshi akwai 'yar takarda da aka yago daga kaye, wato littafin rubutun 'yan lakwal. Saratu ba ta doguwar gaisuwa. Takan rubuta wanda take zargi, da dalilinta. "Baba, matar alhajin ce. Ta ce barci take, to wa ya gaya mata fitilar a kashe take?" Amadu yakan amsa da kalma biyu ko uku a wata takardar: "Ci gaba dai." Ko kuma: "Kin yi sauri." Nata takardun kuwa yana tara su a gwangwanin madara. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma tun ran Litinin yake fara zaɓen abin da zai sa a ƙunshi, ya ɗauko, ya mayar, ya sake ɗaukowa.

Cikin shekara biyu da rabi ta cinye kantar ƙasa, ban da na soyayya, waɗanda ta ce jiran da take yi a gidanta ya ishe ta, ba ta buƙatar na wasu. Ta hau kantar sama ita ma ta cinye. Na ƙarshe shi ne Baƙon Ɗaki Na Tara, kashi na ɗaya da na biyu, labarin wani masauki a bakin tasha inda aka wayi gari baƙo ya ɓace, ɗakinsa a kulle ta ciki, takalmansa a bakin ƙofa. A bangon na biyu an buga cewa na uku zai fito bayan Sallah. Sunan nan ya yi Laraba fiye da ɗari a kan allo.

Wata Laraba, ana tsakiyar zafin bazara, takardar ta zo da wata magana. "Baba, na karanta na biyu sau ukku. Ƙanwata ta aiko mini da salula mai labarai a ciki. In na ukku bai zo ba, kada ka wahal da Kamalu, babu sauran abin da zan ɗauka. In ya zo, ina nan."

Kamalu yana tsaye yana tsotsar ruwan leda, ya ga yadda fuskar dattijon ta yi.

"Baba Amadu, lahiya? Ko budurwar taka ta sallame ka?"

"Kai dai ba ka da kunya. Ɗiyata ce."

"To mi tac ce?"

"Ta ce littattafai sun ƙare."

Kamalu ya bi kantocin da ido. "Waɗanga duka? Ni ko lambar motata sai na duba nika tunawa. To ba ni ɗankwalin in maida mata."

Amadu ya ninke ɗankwalin ya ɗora a cinya. "Bar shi nan. Ka ce mata na ukku na nan tahe."

"Baba, tun ina da gashi kake faɗin haka."

A lokacin an riga an buɗe iyaka da 'yan watanni, amma Amadu bai tsallaka ba. Lambar Nasiru, dillalin da ya saba sarowa a wurinsa a Sakkwato, ba ta shiga, shi kuma ya riƙa gaya wa kansa cewa kaya za su zo da kansu kamar da. Yanzu babu sauran jira. In ɗankwalin nan ya koma Tajaye babu komai a ciki, ba zai sake dawowa ba, Laraba kuma za ta zama kamar Talata. Ran Asabar ya rufe rumfa, abin da bai yi ba tun zaman makokin Saude. Ya sa kashi na biyu a aljihun riga, ya hau kabu-kabu zuwa iyaka, ya shiga motar Sakkwato.

Da ƙyar ya gane shagon Nasiru. Inda kantocin littattafai suke a da, yanzu caja ce da murfin waya da igiyoyin kunne ke rataye. Nasiru ya yi ƙiba, ya tashi ya rungume shi.

"Mutanen Faransa, ashe kuna da rai?"

"Faransa ta tahi, mu muna nan. Ina kayan?"

Nasiru ya nuna kwali biyu a lungu, ƙura ta rufe su. Amadu ya durƙusa ya bincika. Duk ya san su, duk suna rumfarsa. Ya miƙe, ya ciro littafin daga aljihu, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan layin.

"Wanga nika nema. An ce bayan Sallah."

Nasiru ya fara dariya, da ya dubi fuskarsa sai ya daina. "Wace Sallah, Malam Amadu? Ai ba su ce wacce ba." Ya jawo masa kujera. "Kai duk shekarun nan gaskiya kake ɗaukar shahin nan? Cika bango ne. Marubuci na da suna goma a kansa, sai ya zuba su duka. In kasuwa ta karɓa ya zauna ya rubuta, in ba ta karɓa ba shi ke nan."

"Amma wasu sun hito."

"Wasu sun hito. Lokacin ana saye."

Don ya kwantar masa da hankali, Nasiru ya kira wani abokin cinikinsa a Kano, ya buɗe muryar wayar. Mutumin ya yi ɗan tunani kafin ya tuna littafin. Ya ce marubuciyar ta daɗe da barin bugu, yanzu a waya take sakin labarai, wasu daban. Na ukun nan ba a taɓa rubuta shi ba. Ya ce shi da kansa ya taɓa tambayarta inda baƙon ya shiga, ta yi dariya ta ce ita ma ba ta sani ba.

Amadu ya zauna da littafin a hannu. Ba marubuciyar yake tunani ba. Sunayen da ya yi ta rubutawa da alli yake tunani, shekara talatin, da mutanen da suka tsaya suka karanta suka tafi suna lissafin watanni. Wasunsu sun mutu suna jira. Da hannunsa ya gaya musu, da kyakkyawan rubutu.

Ya kwana gidan Badi'a. Da safe ta kawo masa kunu, ta zauna a gefen tabarma tana kallon yadda rigarsa ta yi masa yawa.

"Baba, ka dawo nan mana. Ga ɗaki, ga jikokinka. Wa kake jira a can?"

"Ina da ƙunshi ran Laraba," in ji shi.

Ba ta gane ba.

A hanyar komawa wata dabara ta zo masa. Da ya sauka Konni ya sayi kaye mai shafi ɗari da bik, wato biro. Ai ya karanta irin labaran nan fiye da dubu. Zai rubuta na ukun da kansa, da rubutu mai tsabta, ya ce mata daga Kano aka kwafo masa kafin a kai gidan bugu. Ya zauna a bayan kanta, inda masu kabu-kabu ba za su gan shi ba, ya fara. Kwana uku ya yi, ya samu shafi biyu da rabi. Mai bincikensa ya shiga ɗaki na tara, ya dubi gado, ya dubi taga, ya tsaya. Duk yadda Amadu ya tura shi ya ƙi motsi. Ashe sanin ɗanɗanon miya daban, iya dafa ta daban.

Ran Talata da hantsi ya buɗe gwangwanin madara, da niyyar ya ɗan tsinci wani abu a cikin zarge-zargenta. Takardun da ta rubuta a kan wannan littafin bakwai ne, don duk sanda ta sake karantawa sai ta ƙara. Ya jera su a kan benci, ya danne kowacce da dutse.

"Baba, an ce takalman a jiƙe suke, alhali an yi wata biyu ba a yi ruwa ba. Wa ke ɗibar ruwa a rijiyar gidan?"

"Baba, mai masaukin ya ce bai taɓa ganin baƙon ba. To don mi ya kai masa shayi ba sukari tun bai tambaye shi ba?"

Amadu ya ɗauko kashi na ɗaya, ya nemo wurin. Shayin yana nan, a shafi na goma sha ɗaya, layi ɗaya tak. Shi ya karanta littafin sau biyu bai gani ba. Wataƙila ita kanta marubuciyar ba ta san ta sa shi ba. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowacce tana riƙe da ta gabanta kamar ɗinkin Saude. Wanda ya ga shayin nan ba za a ruɗe shi da shafi biyu da rabi ba. Ya yage abin da ya rubuta, ya ba mai ƙosai ta ƙunsa.

Sannan ya rubuta wasiƙa, mafi tsawo da ya taɓa yi.

"Ɗiyata Saratu, na je Sakkwato. Babu na ukku. Ba a rubuta shi ba, ba kuma za a rubuta ba. Na daɗe ina ce miki yana tahe, ban san ba gaskiya nika faɗi ba, ki yahe mini. Na gwada rubutawa in ce miki daga Kano ne, na kasa, kuma gara da na kasa. Ga takardunki na maido miki. Duk duniya babu wanda ya san mai masaukin nan kamar ke. Ga kaye, ga bik. In kin ga dama. In ba ki ga dama ba, ɗankwalinki ya komo gida, na gode."

Ran Laraba ya ƙunsa kayen da bik da takardun bakwai da kashi na ɗaya da na biyu. Zaren da ke zagaye da su ya cire ya rataye a ƙusa. Kamalu ya ɗaga ƙunshin ya auna a hannu.

"Ya zo ke nan?"

"Kai dai kai mata."

Bayan motar ta tashi ya jiƙa tsumma ya goge allon. Ya ɗauki alli, ya tsaya, ya mayar da shi aljihu. A karon farko tun da aka kafa rumfar, babu komai a ƙarƙashin farin fentin.

Laraba ta farko Kamalu bai ko tsaya ba, ya danna oda ya ɗaga hannu wayam ta taga. Ta biyu ya tsaya shan ruwa, ya ce ruwan shuka ya sauka a can, kowa yana gona, amma ya hango ta a bakin rijiya, ta gaishe shi.

"Ba ta ce komi ba?"

"Ta ce ina gajiya."

"Da abin nan a kunnenta? Igiyar salula?"

"Baba, ni ban duba kunnen matar mutane."

Laraba ta uku motar ba ta zo ba sam, aka ce ta lalace a hanya. Amadu ya yini a benci. Wani mai kabu-kabu ya tambaye shi ko zai sayar da allon, matarsa tana koya wa yara karatu a gida. Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Da la'asar ya roƙi kwali biyu a wurin mai shago, ya fara sauke na soyayya yana jerawa a ciki. Bai yi sauri ba. Yakan buɗe wani ya ga ɗinkin Saude a gindin bango, ƙanana-ƙanana, a jere, ya daɗe yana shafawa da babban yatsa. Ya yi tunanin ɗakin da Badi'a ta ce, da tagarsa mai kallon katangar maƙwabta.

Laraba ta huɗu, wajen ƙarfe goma, yana sunkuye a kan kwali, sai wani abu ya faɗo a kan benci. Koren ɗankwali ne.

"Ga saƙon budurwarka," in ji Kamalu. "Ta ce kada in koma ba tare da shi ba. Da azahar nika lodi, ka ji."

Kayen ne kaɗai a ciki. Gefensa ya yi jar ƙasa, wani shafin kuma da alamar ɗigon ruwa. Shafi goma sha huɗu ta cika, da ƙaramin rubutu mai karkata, da goge-goge nan da can. Amadu ya sa tabarau. Mai shayi ya ajiye masa kofi a gefe, bai lura ba.

Ba ta fara da mai bincike ba. Ta fara da mai masaukin, shi kaɗai a madafa da asuba, yana zuba shayi a kofi biyu, sai ya tuna ɗayan babu mai sha. Daga nan ta koma baya shekara ashirin, zuwa wani ƙauye da wasu 'yan'uwa biyu da gona ɗaya. Hausarta ta Tajaye ce, ba ta Kano ba, mutanen cikin labarin ma sun koma magana kamar 'yan kasuwar Illela, amma Amadu bai damu ba. A shafi na goma sha huɗu mai sharar masaukin ta zura guga a rijiya, ta ja, gugan ya ƙi tahowa. Ta leƙa. Rubutu ya ƙare.

Ya juya shafin. Fari fat. Ya ji ƙayar nan ta motsa a maƙoshinsa, irin ta shekara talatin da wani abu, har ya yi 'yar dariya shi kaɗai. 'Yar takardar tana maƙale a bangon baya.

"Baba, ban iya ba, amma ga shi. In mun dawo gona nika yi, kahin hannuna ya mutu. Iliyasu ya aiko, bayan girbi zai zo ya tahi da ni Agadas. Zan yi ƙoƙari in ƙare kahin nan. Ka maido kayen yau. Wa kake zargi?"

Ya karanta sau biyu. Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda hadari ke haɗuwa ta gabas. Gero yanzu ya fara tsayi. Daga nan zuwa girbi Laraba goma sha uku ce, ko sha huɗu in damina ta ja. Bayan nan Agadas, inda motar Kamalu ba ta zuwa.

Ya ɗauki bik. Abin da hannunsa ya so rubutawa shi ne kada ta yi sauri, ta bi a hankali, ta ƙara mutane, ta ƙara ɗakuna, labari ba ya son gaggawa. Ya ɗora bakin bik a takarda har ya yi ɗigo. Sai ya tuna ɗan sandan nan da ke tsaye da hannu a kan ƙofa tun yana saurayi. Ya rubuta: "Mai shara nika zargi, ta cika sanin rijiyar nan. Ki ƙare shi kahin girbi. Kada ki tahi ki bar shi a buɗe."

Da azahar Kamalu ya zo ya karɓi ƙunshin.

"To Baba, wa ya kashe wa?"

"Ba a sani ba tukuna."

"Shekara ukku ana abu ɗaya. Ku dai masu karatu kuna da haƙuri."

Motar ta fita tasha ta nufi arewa. Amadu ya tura kwalayen ƙarƙashin kanta da ƙafa, bai kwashe abin da ke ciki ba, bai kuma ƙara ba. Ya laluba aljihu ya ciro allin, ya tsuguna a gaban allo, ya rubuta a hankali: Baƙon Ɗaki Na Tara, na uku. Ana rubuta shi a Tajaye. Na ga shafi goma sha huɗu da idona.

Ya ja baya ya duba ko layin ya miƙe. Masu kabu-kabu biyu suka zo suka zauna a benci, suka ba allon baya. Zaren yana nan rataye a ƙusa, bakinsa a sake, iskar hadari tana kaɗa shi. Amadu ya ɗauki shayinsa ya kurɓa, ya tarar ya daɗe da hucewa.